Ruwan Shan Chona

"Lafiya lau, tsoho mai ran ƙarfe. Har yau ba ka bi matarka ba?"

Nayeli ce ta faɗo gidan kakanta Don Cleofas, hannayenta shuɗi har gwiwa saboda aikin masana'antar rina wandunan jins da ke bakin rafi. Jajiberin ranar matattu ne, lokacin da a al'adarsu ake jera wa mamaci abin da yake so don ya zo ya ci. Tsohon ya jera wa marigayiya matarsa Chona burodi da kyandir da furanni. Saura ruwa, tsohon kuma ya dage sai na rafi, don shi ta sha duk rayuwarta. Kewarta ce ke cinsa, amma bakin nan nasa bai mutu ba.

"Ina aikena, mai hannun aljanu?"

"Ga shi." Ta dire robar ruwan kanti.

"Wannan? Chona ta taso tun daga lahira ki tare ta da ruwan roba? Marowaciya!"

"To in ba ta na rafi ta koma da shuɗin harshe, a ce ta lashi wando?"

"Ku kuka ɓata shi! Rafin da na kama kifin da ya fi ki tsawo a cikinsa."

"Bara ka ce ya kai gwiwata. Kifin nan mutuwa ba ta hana shi girma ba."

"A bakin rafin nan na fara ganin Chona tana wanki, yarinya. Har duwatsun ƙasa ana gani."

Nayeli ta zaro kwalba daga jaka. "Na ɗebo na rafin ma, Kaka. Na san ba za ka yarda ba sai ka gani."

Ya ɗaga kwalbar. Ruwan shuɗi ne shar, da kumfa a sama, yana warin magani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye ta bayan ƙofa. Ya ɗauko tsohon tulun Chona ya juye ruwan kantin a ciki.

"Zai ɗauki ƙamshin ƙasa. Ungo burodi, toshiyar baki. Kada ki gaya mata."

"Matar da ke kama ƙaryarka tun kafin ka buɗe baki? Wallahi kurɓa ɗaya za ta gane."

Tsohon ya yi dariya yana goge ido da hularsa.

"Ta gane mana. Ta zo ta yi min faɗa. Ai abin da nake jira ke nan."