Jar Rigar Si Buslam

Duk wanda bai san Si Buslam ba, to bai san ƙanƙara ba, wani farin abu kawai ya hango a kan dutse. Kafin Allah ya dawo da shi ƙauyen Tinzar daga Faransa, mutanen nan haka kawai suke ɗaura katakon sulu, na zamewa a kan ƙanƙara, a ƙafa, su hau duwatsun Atlas da baƙinsu, su gangaro lafiya, ba su san cewa duk cikin jahilci suke yi ba. Sai da ya zo ya faɗa musu.

Ya dawo da gashin baki, da tabarau mai launin bakan gizo, da kuma jar riga. Kai, rigar nan! Ja ce wur. Ruwa ba ya ratsa ta, iska ba ta ratsa ta, shawara ma ba ta ratsa ta. Yana sa ta a sanyi, yana sa ta a zafi, ranar Juma'a kuwa a kan jallabiya yake ɗora ta, don kada masallata su sha wahalar neman inda yake.

Mahassada suna cewa wai aikinsa a can shi ne tsayawa a gindin dutse, yana tare kujerar nan mai tafiya a kan waya tana kai masu sulu sama, ya riƙe ta har Bature ya ɗora mazaunansa. Sharri ne. In ma gaskiya ne, ai ba kowa ake damƙa wa amanar mazaunan Bature ba. Yara suna ce masa Musye Ƙanƙara. Masu alfadarai suna ce masa Zakaran Dutse, saboda jan da kuma yadda yake turo ƙirji. Shi duk kirari ya ɗauke su, har ɗaga hannu yake yi.

A shagon shayi yake ba da karatu, kyauta, ko an tambaya ko ba a tambaya ba.

"Matsalarku ɗaya ce," in ji shi, yana nuna dutse da kofin shayi. "Kun ɗauki ƙanƙara ruwan albasa. Kuna kallon sama kuna tunanin gona. Ni fasaha nake gani. Duk ƙanƙarar da ta narke ta shiga gona, wallahi asara aka yi."

Gwaggonsa Lalla Ijja tana wucewa da damin ciyawa a baya, ta ji wannan. Ita kuwa duk abin da ta mallaka 'yar gonar albasa ce can sama, kusa da bukkokin makiyaya. Ta tsaya, ta dube shi daga tabarau har takalmi, ta gyara daminta ta yi gaba. Ya ce wa na kusa da shi, "Ka gani? Ko tsofaffi sun fara fahimta."

A shekarar nan ne Dda Mbark, shugaban masu yi wa baƙi jagora, ya ce gwiwoyinsa sun gaji, zai sauka. Al'adar Tinzar ita ce, idan tuffa ta yi fure, ƙanƙara ta gudu sama, baƙi sun watse, masu jagora su kan je su rufe shekara a Harshen Saniya, wani dogon zirin ƙanƙara da ke saura a cikin kwazazzabo mai nisa. In an sauko, a dafa shayi a gindin dutse. Wanda tsohon shugaba ya miƙa wa 'yar gudumar fasa dunƙulen sukari, shi ne sabon shugaba.

Gudumar nan ita ce ta hana Si Buslam barci. Abokin takararsa Idder ne, ɗan baffansa, wani siriri mai yawan dariya wanda rigarsa ma ba a san asalin launinta ba. Si Buslam bai ga abin tsoro a nan ba. Don kada a ɓata lokaci daga baya, ya tafi Marrakesh ya sa tela ya ɗinka masa SHUGABA a bayan jar riga, da farin zare, manya-manyan baƙaƙe. Ya gaya wa surukansa su shirya rago.

Ranar tafiya kowa ya taka da ƙafa, katakai suna kan alfadarai. Si Buslam kaɗai ya hau alfadari. Ya ce gwiwar gwani ba ta hanya ba ce. Hanyar doguwa, ta bi ta gonakin sha'ir, ta bi ta duwatsu, ga rafi yana ta ruri da ruwan narkewa. Mutane sai waƙa suke, suna tsokanar juna, ana jifa da ɓawon lemo. Shi kuwa yana sama yana yi wa alfadarin bayanin yadda alfadaran Faransa suke tafiya.

Suka kwana a bukkar makiyaya. Gari na wayewa suka liƙa fatun hawa a ƙarƙashin katakai, waɗanda ke hana mutum zamewa baya, suka kama dutse. A nan ne aka ga zurfin ilminsa. Taku kaɗan sai ya tsaya, ya durƙusa, ya ɗebi ƙanƙara ya sa a baki, yana haki kamar zuga-zugi.

"Lafiya, Musye?" in ji Idder daga sama. "Ko in sauko in goya ka?"

"Bincike nake yi, kai! Ku da ba ku ɗanɗana ƙanƙara, me kuka sani?"

Ya yi bincike ya fi a ƙirga kafin ya kai ƙoli.

Can sama duniya ta buɗe. Sama shuɗiya shar, duwatsu jere-jere har ƙarshen gani, kwarin kuma kore shar a ƙasa. Manya-manyan magidanta suka koma yara. Wannan ya tura wancan, wancan ya cusa wa wannan ƙanƙara a wuya. Rana ta fara taɓa saman ƙanƙarar, ta yi laushi kamar man shanu, ƙasanta kuma da ƙarfi. Wannan ɗan lokacin ake wahalar tafiyar nan dominsa, kuma ba ya jiran kowa.

Dda Mbark ya ɓare fatunsa ya ce, "Bismillah, mu sauka, rana ta fara lasa."

"Ku yi gaba," in ji Si Buslam. "Ni a ƙarshe zan sauko. Ku je ƙasa ku tsaya, ku buɗe ido, ku koyi aiki. A kuma kira matan bukkoki da makiyaya, ba kullum ake samun irin wannan ba."

"To ka bi gefe, ɗana. Tsakiyar nan rafi ne a ƙarƙashinta."

"Gefe? Inda za ku tattake? Haba Dda! Mutum irina ba ya sa hannu a inda wasu suka yi jagwalgwalo."

Tsoho ya ɗaga kafaɗa ya zame. Sauran suka bi shi, wayyo daɗi! Shuuu, shuuu, suna karkata hagu da dama, ƙanƙara na fantsama, ihu na amsa kuwwa a duwatsu. Idder yana dariya tun daga sama har ƙasa, hularsa ta tashi bai ko waiwaya ba. Dda Mbark mai ciwon gwiwa ma sai da ya yi wata 'yar tsalle, ya ƙwala ihun da rabonsa da yi tun yana saurayi.

Si Buslam ya zauna ya ci burodi da zaitun. Ya goge tabarau. Ya taje gashin baki. Ya jira har ya ga 'yan ɗigo-ɗigon mutane sun taru sosai a ƙasa, rana kuma ta tsaya a ka yadda za ta haska jar riga. Sannan ya miƙe, ya buga ƙirji, ya sako kansa.

A faɗi gaskiya, karkatawar farko ta yi kyau. Ta biyu ma haka. Mata suka rangaɗa guɗa. Guɗar nan ta shige masa kai kamar hayaƙi. Ya hangi tsakiyar kwazazzabo fara fat, sumul, ko sawun tsuntsu babu, ya nufe ta gadan-gadan, ya ɗaga ɗaya daga sandunan sulunsa sama yana gaida jama'a.

Ɓurum!

Babu Musye, babu riga. Sai sanda ɗaya a tsaye a bakin rami.

Guɗa ta tsinke. Dariyar Idder ta mutu nan take, ya yar da butar shayi ya kama hawa da gudu yana kiran sunansa, na ainihi, ba na tsokana ba. Sauran suka bi shi da shebur. Suka kwanta a bakin rami suna leƙawa, ba abin da suke gani sai duhu da rurin ruwa. Hankalin kowa ya tashi, suka hau tono.

Shi kuwa gogan ya daɗe da barin wurin. Rafin ya rarake ƙanƙarar ta ƙasa kamar bututu, ya kwashe shi rigingine, ya raba shi da katakai, ya yi ƙasa da shi. Wannan shi ne sulu mafi sauri da aka taɓa yi a Harshen Saniya, kuma ba wanda ya gani. Ya yi salati da Larabci, ya yi da yaren gida, Faransancin ko kalma ɗaya bai zo masa ba. Ruwan ya tofo shi a ƙarshen zirin, daidai bakin targa, 'yar magudanar da ke kai ruwa gonaki, ya cusa shi ciki da mazaunai, dam, kamar an auna.

Ranar kuwa ruwan Lalla Ijja ne. A Tinzar bi da bi ake shan targa, wanda ranarsa ta wuce sai ya jira zagayowa, albasa kuma ba ta san jira ba. Tana tsaye a gonarta tana jan ruwa da fartanya, sai ta ga ya rage, ya rage, ya ɗauke ƙaf. Ta saɓa fartanya ta bi targa zuwa sama tana zage-zage.

"Wane mara tsoron Allah ne ya tare min ruwa? Yau sai na ga uban da ya haife shi!"

Ta iske wani jan abu a bakin magudana, ƙafafu a sama. Ruwa ya taru a bayansa, ya fasa gefen targa, yana kwarara banza cikin rafi. Ta sa fartanya ta maƙalo shi ta wuyan riga.

"Gwaggo," in ji shi, haƙora na kaɗawa, "a hankali, rigar..."

"Buslam? Kai ne? Tashi min daga ruwa, ɗan nema! Duk faɗin dutsen nan ka rasa wurin zama sai ranata?"

Ihunta ne ya sauko da masu tono. Idder ya rungume shi yana hawaye, ya tabbatar ba inda ya karye, sannan ya faɗi ƙasa yana birgima don dariya. Aka tuɓe masa jiƙaƙƙiyar riga, aka naɗe shi cikin bargon wani makiyayi mai warin awaki. Bakinsa na dawowa daidai, karatu ya dawo.

"Ku ba ku gane ba," in ji shi daga cikin bargo. "Kowa yana iya bi ta saman ƙanƙara. Ni ta ƙasa na bi. A Faransa ma mutum nawa ne suka taɓa yi?"

Lalla Ijja kuwa tana can tana kururuwa a kan ruwanta. Dokar targa a bayyane take, wanda ya fasa shi ke toshewa, nan take, da abin da ke hannunsa. Tsummokaran da aka saba cusawa ruwa ya tafi da su. Ta waiga, ta ga jar riga a shanye a kan dutse. Ta ɗauka, ta dunƙule, ta cusa a ɓarakar, ta danne da dutse, ta hau kai ta taka.

Ko ɗigo bai ƙara fita ba. Ruwa ya miƙe sak ya nufi albasa.

"Kai," in ji ta, tana goge hannu a zani. "Ashe yaron nan yana faɗin gaskiya. Ruwa ba ya ratsa ta."

Aka dafa shayi. Dda Mbark ya ɗauko gudumar sukari, Si Buslam ya zaro hannu daga cikin bargo, gudumar ta wuce ta gaban hancinsa ta sauka a tafin Idder. Si Buslam dai aka miƙa wa kofi na farko, saboda sanyi.

Ya nemi a ba shi rigarsa. Masu gonaki suka zauna suka ce sai bayan girbi. Bayan girbi suka ce sai an ga yadda baɗi za ta yi. Albasar Lalla Ijja kuwa ta yi kai irin wanda ba a taɓa gani ba a Tinzar.

Har yau rigar tana nan a bakin targa, ta ɗan koɗe, farin zaren yana leƙowa daga ƙarƙashin dutse. In baƙo ya karanta ya tambaya wane ne shugaban, sai a nuna masa rigar a ce ai ga shi nan, kuma tunda aka kafa Tinzar ba a taɓa yin shugaban da ya riƙe aikinsa haka ba.