Tauraruwar Kekuna Arba'in da Ɗaya

Duk wanda ya ce bai san Marlys Tollefson ba, to, bai sauka garinmu ba, ratsa gonakin masara kawai ya yi ya wuce. Mace ce da Allah ya yi wa baiwa, ya kuma haɗa mata da bakin sanar da jama'a. A duk arewacin jihar Iowa ta Amurka babu mai kekunan ɗinki kamarta. Arba'in da ɗaya ne cif. Akwai na ƙafa masu zanen furen zinariya, akwai na hannu da suka girmi kakarta, akwai na lantarki, akwai kuma wani fari ƙato mai kwamfuta wanda ke gaishe ta da sunanta idan ta kunna shi. Kowanne da sunansa, kowanne da rigarsa. Tana kiran su 'yan matana.

Ba a banza ta tara su ba. Ba a taɓa yin jana'izar tsohuwa a gundumar nan Marlys ta makara ba. Za ta zo da tiren dankali da nama, ta rungume 'yar mamaciya, ta yi hawaye daidai gwargwado, sannan ta rage murya.

"Allah ya ba ku haƙuri, 'yar nan. Keken nan nata na bakin taga fa, kada ku bari ya faɗa hannun jahilai."

Mijinta Delbert, manomi mai ƙarancin magana, shi ma ya samu rabonsa na ɗaukaka. Shekara shida ke nan motarsa na kwana a waje cikin ƙanƙara, domin 'yan mata goma sha huɗu sun tare a gareji. A cinya suke cin abinci, teburin yana da manyan baƙi. Matan gari suka laƙaba mata Uwar Kekuna a bayan idonta. Da labari ya kai mata, sai ta ɗauka naɗi ne, ta sa keken kwamfuta ya zana sunan a jikin jakarta da jan zare.

Abu ɗaya ne ɗan ƙarami, wanda ma bai kamata a ambata ba. Shekararta goma sha ɗaya a ƙungiyar masu haɗa bargo da ke zama duk Alhamis a ɗakin ƙasa na coci, amma babu mai rai da ya taɓa ganin bargon da ta gama. Sauran mata suna yanka ƙyallaye, su haɗa, su shimfiɗa auduga, su ɗinke, su kai wa mai jego ko wanda gobara ta ci gidansa. Marlys kuwa tana zagayawa da kofin kofi tana duba kekunansu kamar likita a ɗakin marasa lafiya.

"Masu keke ɗaya su ne ke sauri," in ji ta, "don ba su da zaɓi. Ni kafin in yanke shawarar wacce zan ba aikin, ai sai a hankali."

Bana ƙungiya ta cika shekara hamsin. Aka shirya yin babban bargo da za a kai bajekolin gunduma a watan Agusta: falle ashirin da biyar, biyar a tsaye biyar a kwance, kowace mace ta ɗinko ɗaya. Doka ɗaya ce, kuma kowa ya san ta tun yana yaro. Kowane falle inci goma sha biyu da rabi ta kowane gefe, kowane ɗinki kuma a bar masa kwatan inci daga baki, ba ƙari ba ragi. In ɗaya ya kauce, maƙwabtansa huɗu ba za su zauna ba.

Da aka zo maganar fallen tsakiya, wanda ido ke fara sauka a kai, sai kowa ya dubi Verna Kuiper. Ita ce shugaba, shekararta tamanin da uku, kuma da keken da aka ba ta ranar aurenta take ɗinki har yau. Kafin Verna ta buɗe baki Uwar Kekuna ta miƙe.

"'Yan uwa, ba don kaina nake magana ba, don tarihi nake yi. Zan yi muku tauraruwa mai ɗinki arba'in da ɗaya, kowane ɗinki a kan keke daban. Shekara ɗari da talatin na aikin matan ƙasar nan a cikin falle guda! Manyan gidajen tarihi ma ba su da irinsa. Ba sai kun gode mini ba."

Babu wadda ta gode. Verna ta goge tabarau, ta ce a hankali, "To, Marlys, sai dai ki gwada kowane keke a kan tsumma ki auna. Ɗan ƙarfen nan da ke danne yadi, faɗinsa ba ɗaya ba ne a kowane keke. In kika bi bakinsa da ido kawai, kwatan wannan ba zai zama kwatan wancan ba."

Marlys ta dafa kafaɗarta cikin tausayi. "Verna, ƙawata, ki bar wa masu kekuna zancen kekuna."

Mako uku aka yi ana aikin tarihi. Delbert ya sauko da na saman kabad, ya jawo na ƙarƙashin gado, ya ɗaure ƙugunsa da majanyi ya koma gareji. Wasu 'yan matan rabonsu da ganin zare tun kafin a haifi Delbert. Wata ta yi tari ta tofa baƙin mai. Wata ta cije yadin ta ƙi saki. Marlys ta yi wa kowacce ɗinki ɗaya, ta ɗauki hoto, ta rubuta sunanta da shekararta a takarda. Abin awo kuwa yana rataye a wuyanta tun daga farko har ƙarshe, ya yi mata kyau ƙwarai.

Ranar haɗawa aka jera tebura, aka shimfiɗa falle ashirin da huɗu, kowanne ya kwanta lumui kusa da ɗan uwansa. Aka bar gurbi a tsakiya. Sai ga Uwar Kekuna da akwatin kwali a hannu biyu. Ta buɗe, ta ɗauko tauraruwa, ta ajiye a gurbin, ta ja da baya.

Tauraruwa ta ƙi kwanciya. Tsakiyarta ya taso kamar an kife kwano a ƙarƙashi. Ƙafafunta takwas kowacce ta kama gabanta. Gefe ɗaya bai kai maƙwabcinsa ba, ɗaya gefen ya hau kan fallen matar fasto.

Matan garinmu ba sa cewa abu ya yi muni. Ba a yi mana wannan tarbiyyar ba. Wata ta ce, "Kai, wannan kam daban ne." Wata ta ce, "Lallai an sha aiki." Wadda duk ta girma a nan ta san an gama zagi ke nan.

Ardis Bohlen ce kaɗai ba ta samu tarbiyyar sosai ba. Shekara talatin tana tuƙa motar 'yan makaranta, muryarta ba ta san ɗaki ba. Ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin tauraruwar.

"Ke Marlys, wannan lulluɓa za a yi da shi, ko a ka ake sawa?"

"Zurfi ke nan, Ardis. Ba kowane ido ke gane shi ba."

Aka kawo dutsen guga. Aka danna tsakiya, gefuna suka tashi. Aka danna gefuna, tsakiya ya dawo. Verna ta ɗora abin awo: nan sha ɗaya, can sha uku da ɗoriya.

"Ba abin damuwa ba ne," in ji Verna. "Yadinki mai kyau ne. Mu farke shi yanzu, mu mayar a kan keke ɗaya, kafin kofi ya huce an gama. Yana nan a tsakiyar bargon, da sunanki."

"A farke?" Marlys ta dafe ƙirji. "A farke shekara ɗari da talatin? Na daɗe da sanin akwai hassada a ɗakin nan, amma ban san ta kai haka ba. Ku riƙe bargonku. Zan shigar da tauraruwata gasar bajekolin ita kaɗai. Alƙaliyar daga babban birni za ta zo, mace mai ilimi, wadda ta san keke. Ranar nan za a bambance."

Ta mayar da tarihi cikin kwali ta fita. Verna ta zauna ta ɗinka wani falle mai sauƙi daga ragowar ƙyallaye, ya shige gurbin kamar da shi aka haife shi.

A bajekoli, dokar gasa ita ce a rufe sunan mai aiki, kada alƙaliya ta san na wane ne. Don haka takarda mai shafi uku da Marlys ta kawo, mai sunayen 'yan mata da shekarunsu, ba ta wuce teburin karɓar kaya ba. Wannan bai dame ta ba. Aiki, in ji ta, shi zai yi magana da bakinsa.

Ranar da aka buɗe zauren, bargon ƙungiya na rataye da jan kintinkiri na matsayi na biyu. Marlys ba ta ko kalle shi ba. Can ƙarshen zaure, kusa da ƙofar da ke kallon rumfar aladu, ta hango tauraruwarta. A jikinta akwai koren kintinkiri, ga kuma takardar alƙaliya cike da rubutu, ta fi ta kowa tsawo. Da yake ba ta taɓa shigar da komai gasa ba, ba ta san wa ake ba kore ba. Ta ɗaga hannu ta yafato ƙungiya gaba ɗaya, har da Delbert da ke cin masara a bakin ƙofa.

"Ku matso, ku matso. Ardis, ke ce mai murya. Karanta da ƙarfi, don na baya su ji."

Ardis ta duba takardar, ta dubi Marlys. "Kin tabbata?"

"Karanta, baiwar Allah."

Ardis ta gyara murya irin ta cikin mota.

"Lambar ƙarfafa gwiwa ga sabon hannu. Barka da shigowa wannan sana'a! Kin iya zaɓen launi, kada ki karaya, kowa da haka ya fara. Amma ga alama kekenki ba shi da lafiya, domin babu ɗinki biyu da suka yi kama da juna a nan. Ki kai shi a duba. In kuma babu hali, ki roƙi wata maƙwabciya ta ara miki nata."

Babu wadda ta yi dariya. Ba a yi mana wannan tarbiyyar ba. Delbert ya dubi masararsa kamar yau ya fara ganin masara.

Verna ta matso, ta kama hannun Uwar Kekuna da hannu biyu.

"Nawa yana nan, Marlys," in ji ta. "Ba na amfani da shi ranar Talata."