Muryar Malam Cikin Tsohuwar Kwamfuta

"...lafiya lau, amarya. Ya ƙarfin tsufa?"

"Tsufa yana gidanku. Ajiye gaisuwar, ina kayana?"

Haka Hajiya Asibi ta tari jikanta Musbahu da hantsi, tun bai gama sauka daga zemijan, babur ɗin haya, ba. Gyaran kwamfuta yake yi a kasuwar Adawlato, kuma kwana uku ke nan da ya tafi da ta kakansa, marigayi Malam Abdurrashid, wadda ta daina tashi. Ba ƙarfen ne ya dami Hajiya ba. A ciki akwai tafsirin azumin ƙarshe da Malam ya yi a nan Zongo, nan kaɗai muryarsa ta rage a duniya. Tsohuwar nan ba ta yi barcin kirki ba, amma ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba.

"Ga ta nan, sabuwa fil! Na yi mata formate."

"Ka yi mata me?"

"Na wanke cikinta tas. Birus ne ya cika ta, kamar kwarkwata a kan wata da na sani."

"Kan matar da za ka aura, in akwai mai kwasar ka. Da sabulu ka wanke ta?"

"Disk ɗin na share, ko ɗigo ban bari ba, sannan na zuba sabon sistem. Yanzu kina taɓa ta, vwala, ta tashi! Ta fi ki saurin tashi daga tabarma."

"Ka share? Har da Malam?"

"Wane Malam? Gidan nan miji ɗaya ne, ga ni."

"Jama'ar Zongo ku zo ku ga ɗan baƙin ciki! Mutum shekara shida a kabari kana kishi da shi? Mijin da na goya zuwa kasuwar Asigame yana tsula mini fitsari a baya!"

"Alamar so ce. Malam ya taɓa yi miki?"

"Malam gemunsa har ƙirji. Kai gashi uku ne a haɓarka, su ma ba sa ga-maciji da juna."

"Zamani ne, sheri masoyiyata. Tsohon sistem ya tafi, sabo ya zo."

Nan Hajiya ta zauna a bakin dakali. Ta shafa murfin kwamfutar. Gaskiya ta ba da tausayi. Shi ma ja'irin ya ga wasa ya kai inda bai nufa ba, ya yi wuf ya durƙusa ya zaro 'yar kile, wato filashi, daga aljihu.

"Haba Hajiya. Kafin a share ana kwashe kaya tukuna. Kwana biyu na yi ina lallaɓa disk ɗin nan. Tafsirin duka kwana talatin ɗin suna nan, na mayar da su ciki. Har na tsinci wani da ba ki taɓa ji ba."

Ya danna. Sai ga gyaran murya, irin wanda duk Zongo ta sani. Ashe ran nan Malam ya dawo gida bai kashe rikoda ba.

"Asibi! Shayin nan ya huce."

Can daga nesa wata murya ta amsa: "To ka sha shi haka, ni baiwarka ce?"

Hajiya ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Kin ji ko?" in ji Musbahu. "Shi ma bai ji daɗinki ba."

"Rufe mini baki, ɓarawon tsofaffi!"

Ta shige ɗaki, ta fito da jar darar Malam wadda ko 'ya'yansa ta hana su taɓawa, ta kifa masa a ka. Ta rufe masa har kunnuwa.

"Ka ci. Amma kai ne na biyu, ka ji? Matsa can, maido mini wurin shayin nan."