Yadda Za Ka Sabunta Jitarka Ba Tare da Ka Wahalar da Yatsunka Ba

Kai mai jitar lantarki 'yar tsaka-tsaki, wadda ba ta kai ta alfahari ba kuma ba ta kai ta jefarwa ba, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, cikin mako uku jitarka za ta yi muryar da duk birnin Shillong za a tsaya a saurara. Shaidata Bah Kyrshan ne (a can Bah ake ce wa namiji don girmamawa, mace kuma Kong), direban tasi a unguwar Mawlai, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana kaɗa wa ƙungiyar mawaƙan unguwarsu jita. Ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya, kuma sun yi aiki.

Mataki na ɗaya: Nemo mai laifi

A waƙar da za su yi a wasan Kirsimeti akwai wurin da kowa ke yin shiru a bar jita ita kaɗai. A nan yatsan Bah Kyrshan ke zamewa, kullum a wuri guda. Shugaban ƙungiyar, Bah Donbok, ya gaji.

"Bah, mako uku na ba ka. In ranar gwajin ƙarshe ka sake tuntuɓe a nan, Kong Wanda za ta karɓa."

Kong Wanda malamar firamare ce, mai wata tsohuwar jita da fentinta ya kwaile. Maganar ba ta yi wa Bah Kyrshan daɗi ba, don wannan wurin shi ne abin da yake taƙama da shi a duniya. Jahili a nan sai ya koma gida ya hau gwaji. Kai kada ka yi haka. Juya jitar, ka ƙura mata ido, ka girgiza kai, ka ce, "Ai na daɗe ina zargin kayan cikinta."

Mataki na biyu: Fara da maganaɗisu

'Yan maganaɗisun nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya suna ɗauko sauti, su ne farkon waɗanda za ka kora. Ka ce muryarsu ta dishe. Sayo waɗanda aka rubuta a kwalinsu cewa ko numfashin tsirkiya suna ji. Riƙe wannan magana da kyau, ita ce abin alfaharinka a tasha. Bah Kyrshan kwana huɗu yana yi wa fasinjoji bayaninta, har wata tsohuwa ta sauka tun ba a kai unguwarsu ba.

Mataki na uku: Yi aikin da hannunka

Kada ka kai wa mai gyara. Mai gyara zai kaɗa ta ya ce lafiyarta lau, ya ɓata maka shiri.

Sai dai ka tuna gidan da kake. Bah Kyrshan autar gida ya aura, don haka a gidan surukarsa yake zaune kamar kowane mijin auta a al'adarsu, kuma teburin da ya baje wayoyi a kai na kakar matarsa ne. Dalmar da yake liƙe wayoyi da ita ta ɗiga, ta bar tabo baƙi ƙirin. Ya aza farantin kwai, wato goron mutanen can, a kan wurin, ya ci gaba da aiki. Surukar ta shigo ɗaukar kwai ɗin da za ta tauna, ta ɗaga farantin, ta mayar, ba ta ce uffan ba. Wannan shirun ya fi zagi ciwo, amma gwani ba ya kula irin waɗannan.

Mataki na huɗu: In ba ta gyaru ba, ƙara gaba

Kada ka gwada wurin tuntuɓen tukuna, ai aiki bai ƙare ba. Sauya kusoshin ɗaure tsirkiya. Sauya jakin da tsirkiya ke hawa. Sauya maɓallan ƙara murya zuwa masu ruwan zinariya. Masana sun tabbatar mini, ni ma na tabbatar musu, cewa launin maɓalli yana shiga cikin sauti.

Matarsa, Kong Iba, ta leƙo wata ranar Lahadi bayan coci.

"Baban Ribok, mako biyu ke nan ban ji kiɗa a gidan nan ba. Sai ƙarar sukundireba."

"Ai ba a kaɗa jita tana tsakiyar aiki."

"To ara ta Kong Wanda mana, ka riƙa motsa hannu."

"Wancan katakon? So kike ta lalata mini kunne?"

"Kunnen ne ke zamewa, ko yatsan?"

In aka yi maka irin wannan tambayar, ka tuna ka bar tasi a buɗe, ka fita.

Mataki na biyar: Je ka nuna musu

Ranar gwajin ƙarshe, da la'asar, zauren unguwa ya cika da iyalan mawaƙa. Bah Kyrshan ya buɗe jaka, mutane suka taso kallon jitar tana ƙyalli kamar madubi. Mai ganga ya ce, "Kai, Bah! Wannan ai sai a yi aski da ita." Daɗi ya kama shi har kunne.

Aka fara. Muryar jitar ta fito tas, kamar an wanke ta da sabulu. Aka zo wurin, kowa ya yi shiru, yatsan ya zame inda ya saba.

Da can tsofaffin maganaɗisun sukan haɗiye rabin kuskuren cikin dishewarsu, sai mai kunnen gaske ke kamawa. Shekara goma sha ɗaya suna rufa masa asiri, ya cire su da hannunsa. Sababbin kuwa suka cika alkawarin da ke kwalinsu. Suka ɗauko zamewar, da kame-kamen da ya biyo baya, da wasu kurakurai uku da shi kansa bai san yana yi ba, suka kai har bakin titi inda masu sayar da lemu suke. Kunya ta rufe shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage.

"Saura ɗan saiti," in ji shi.

"Kawo mu ji saitin," in ji Bah Donbok, ya miƙa wa Kong Wanda jitar.

Ta goge hannu a mayafi, ta kaɗa wurin daga farko har ƙarshe. Zauren ya ɓarke da tafi.

"Bah," ta ce, kuma har zuciyarta take faɗa, "ban taɓa riƙe jita mai daɗin wannan ba. Kai ka yi aikin nan duka?"

Ya gyaɗa kai.

Mataki na shida: Karɓi nasararka

Bah Donbok ya dafa kafaɗarsa a bakin ƙofa.

"Gaskiyarka, Bah, gyaran ya yi. Ranar wasa ƙarfe huɗu za mu fara. Ka kawo ta da wuri, tunda kana da mota."

Ka ga ke nan ban yi maka ƙarya ba. Jitar ta riƙe matsayinta a ƙungiya, duk Mawlai ana maganar muryarta.

A kula: mai wannan rubutu muryar jita ya yi wa alkawari. Babu ruwansa da tabon tebur, ko shirun suruka, ko wanda za a ga jitar a hannunsa ranar wasa. Wanda ya tsinci kansa a kujerar baya yana tafa wa kayansa, ya nemi yatsunsa su yi masa bayani.