Yadda Za Ka Sa Farfela Ta Yi Sanyi a Kan Takarda

Kai injiniya, ka ƙera farfelar injin tabain mai samar da lantarki, ka huda mata ƙananan ramukan da iska za ta bi ta sanyaya ta a cikin wuta, kwamfuta ta yaba maka, sai awo ya ƙaryata ka? Kwantar da hankalinka. Ga hanyar da abokin aikina Sixten ya bi a masana'antarmu ta Suwidin, kuma na ba ka tabbacin tana ci.

1. Zargi waya

Dokta Gunnel, shugabar sashen awo, ta liƙa siraran wayoyinta na auna zafi a jikin farfelar Sixten. Aka tayar da injin, wayoyi suka ce zafi ya wuce abin da ƙarfen zai jure. Kada ka yi musu. Sixten murmushi ya yi, ya ce ai wayar da ke zaune cikin harshen wuta zafin kanta take faɗa, ba na ƙarfe ba. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, kuma ƙanshin ya isa.

2. Zargi gilashi

Mai awon za ta ɗauko na'urar da ke leƙen zafin farfela ta ƙaramar taga. Idan ita ma ta ce da zafi, shafa gilashin da yatsa ka nuna wa kowa baƙin hayaƙi. Hayaƙi rage zafin da ake gani yake yi, ba ƙarawa ba, amma ba kai za ka tuna musu ba.

3. Yi gardamar launi

Saura fentin da ke sauya launi gwargwadon zafi. Da aka kwance injin, Gunnel ta ce bakin farfela ya koma ruwan toka, alamar hatsari. Sixten ya kai farfelar bakin taga, a watan Disamba, rana ba ta ko leƙo ba.

"Gunnel, ni shuɗi nake gani. Yaushe rabonki da likitan ido?"

"Ranar da na raka ka," in ji ta.

4. Kira taro da kofi

A nan ba ma ɗaga murya, shawara muke yi har kowa ya gaji. Sayo burodin kirfa mai ɗumi. Bakin da ke tauna ba ya ƙin amincewa. Gunnel kaɗai ta ƙi sa hannu a takardar amincewa da farfelar, sai aka lura ta daɗe ba ta huta ba, aka lallashe ta ta tafi wasan ƙanƙara a arewa.

5. Gayyato masu saye

Sun zo daga tashar lantarkin da za ta ɗumama garinsu da injin. Aka ba shi wuta sosai. Ya yi wata ƙara kamar an zuba cokula a injin wanki, ya tsaya. Baƙi suka ajiye kofunansu, suka yi godiya, suka nemi rigunan sanyinsu.

Da Gunnel ta dawo, ta ɗora wayar awonta a kan wani gutsuren farfelar da aka kwaso, ta duba, ta ce, "Ka yi gaskiya, Sixten. Yanzu kam ta yi sanyi."

6. Nemi shugabancin kwamitin bincike

Sixten ya samu, tunda babu wanda ya kai shi sanin farfelar. Tambayarsa ta farko: me ya sa sashen awo bai dage ba?

Gargaɗi: in ƙarfe ya narke, ko ciniki ya watse, ko garin mutane ya shiga hunturu da bargo biyu, babu ruwan mai wannan rubutu. Ni burodin kawai aka aike ni saye.