Hasashen Ruwan da Na Yi wa Surukina

A daminar da taki ya yi tsada na sauke wata manhaja mai nazarin wasan karta, don in daina shan kashi a gasar intanet. Ba ta kuɗi ba ce, amma a Gwarzo wa zai saurari wannan bayani? Ban gama gane jadawalinta ba, amma tuni ina jin kaina gwani.

Ina dubawa a shagona sai ga surukina daga Durun. Ya leƙa wayar.

"Wannan ja da koren fa?"

"Hasashen ruwan sama ne, Baba."

"Madalla. Gobe in zuba taki?"

Na sake duba jadawalin. Na ga kore ya fi yawa, na ce ya zuba. Washegari yana gama zubawa aka kwarara ruwa, takin ya shiga ƙasa.

Ranar kasuwa ya zo mini da limaminsu, wai a saka wa liman manhajar a wayarsa. Na danna wani wuri bisa kuskure, katunan karta suka bayyana. Liman ya daɗe yana kallo.

"Wannan sarkin mai takobi, shi ke kula da hadari?"

Har yau, da sama ta yi duhu, mutanen Durun sai su ce mini cikin zolaya: "Malam, raba karta mu gani."