Madarar Azumin Surukina

Laifina ne, ba na kowa ba, kuma ba zan taɓa mantawa da yammacin nan ba.

Farkon azumin bara na aika wa surukina a Urno kayan shan ruwa kamar yadda aka saba: sukari, shayi da gwangwanin madarar gari uku. Na huɗun na ajiye mana a gida, a Madawa. Da la'asar ina juya shi sai na ga kwanan wata a gindinsa, na shekarar da ta wuce. Tsoho mai ciwon ciki, na aika masa madarar da ta mutu!

Matata Hadiza ta ce in sake dubawa, kamar akwai wani rubutu a ƙasa. Na ce mata ni na yi lakwal, wato makarantar boko, ba ita ba (shekara shida ce duka, biyu ma maimaici). Na kira wayar surukina, a kashe. Na hau moto, babur ɗina, sai Urno.

Ku sani, shekara tara da aurenmu ban taɓa haɗa ido da mutumin nan ba. Daga ƙofar zaure nake durƙusawa in gaishe shi. Amma ranar ana kiran magariba na faɗa har tabarmarsa da takalmi, a gaban abokansa, na fizge kofin shayi daga bakinsa na watsar.

Ina haki na ce madarar ta lalace.

Bai yi faɗa ba. Ya sa aka kawo gwangwanin, ya saka tabarau (ashe ya daɗe yana tsaron magaza, wato ɗakin ajiyar hatsi, abin da ban taɓa tambaya ba). Ya nuna min layi biyu: na sama ranar da aka yi madarar, na ƙasa ranar da za ta ƙare, kuma da sauran shekara guda.

"Wagga ranar haihuwatta ka gani," in ji shi. "Ba ta mutu ba tukuna."

Kunya ta rufe ni, amma wallahi daɗin da na ji ya fi ta. Tun ranar ba na karanta rabin gwangwani.

Na cire takalmina, na koma ƙofar zaure inda na saba, na durƙusa.

"Baba, ku gahwarce ni. Hadiza ta hwaɗa mini, ban saurara ba."

"To ita za ka ba haƙuri," ya ce. "Ni dai a sake mini shayi."